Labaran da ba a ce musu ƙurunƙus ba

Filin Tambayoyin Masu Karatu

A fitowar da ta wuce na yi suɓutar baki, na ambaci wani littafin gajerun labarai da ke hana ni barci, layi ɗaya tak na wuce abina. Ashe aiki na janyo wa kaina. Wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu har sun nemo littafin sun fara. Ga wanda bai ga waccan fitowa ba, littafin na wata marubuciya ce 'yar ƙasar Ajantina, Mariana Enríquez. Da Sifaniyanci ta rubuta shi, ya fito a 2016, shekara ta zagayo Megan McDowell ta mayar da shi Turanci da sunan Things We Lost in the Fire, wato abubuwan da muka rasa a gobara. Labarai 12 ne a ciki, bakwai na karanta zuwa yau: biyar na farko a jere, sannan na yi tsallake zuwa na goma da na ƙarshe, halin da kullum nake hana ɗalibaina. Saboda haka ku ɗauki maganata a matsayin ɗanɗanon miya tun tana kan wuta. Ga uku daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Yayana ne ya sayo mini littafin nan da kika ambata. Na karanta labarin farko, na yaron nan mai dauɗa, na kai ƙarshe na juya shafi ina neman ragowar, sai na ga wani labari daban ya fara. Malama, ina yaron? Kashe shi aka yi ko yana raye? Ko kwafina ne aka yi wa kuskuren bugu? Ni gawa ba ta ba ni tsoro, ina ganinta a asibiti, amma labarin nan kwana uku ke nan ya ƙi fita daga raina.

Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kwafinki lafiyarsa ƙalau. Nawa ma a nan ya tsaya, kuma abin da kika yi shi na yi, har da ɗaga littafin na girgiza ko wata takarda za ta faɗo.

Bari in ɗan ba waɗanda ba su karanta ba labarin. Wata mata ce ke zaune ita kaɗai a tsohon gidan kakanninta a unguwar Constitución da ke Buenos Aires. Unguwar masu hali ce a da, sai annobar shawara ta 1871 ta kori attajirai zuwa arewacin birnin, aka bar manyan gidaje suna lalacewa, talauci ya zo ya tare a cikinsu. A tsallaken titi, daidai ƙofar gidanta, wata yarinya mai ciki, 'yar ƙwaya, take kwana a kan katifa da ɗanta da bai wuce shekara biyar ba. Yaron yana bin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana miƙa wa fasinjoji 'yan katunan hoton wani waliyyin Kirista su ba shi kuɗi. Wani dare ya zo ƙofarta yana kuka, uwarsa ba ta dawo ba. Ta ba shi abinci, ta kai shi ta saya masa askirim, ta dawo da shi, uwar ta tare ta da fasasshiyar kwalba. Washegari babu uwa, babu ɗa, babu katifa. Bayan mako guda aka tsinci gawar wani yaro a unguwar, an yi masa kisan da ba zan kwatanta a mujallar da yara ke ɗauka ba. Matar ta sakankance shi ne. Bincike ya nuna ɗan wasu ne daga wani gari. Daga baya ta ci karo da uwar, cikin ya sauka, ba jariri ba yaro, ta shaƙe ta tana tambayarta, ita kuwa ta ce ta bayar da su duka biyun. Ga wa? Oho. Matar ta koma gida ta zauna tana jiran a taɓa ƙofa. Shi ke nan.

Mu dai mun tashi ne da "ga ta nan ga ta nanku", kuma mun san duk inda Gizo ya shiga, duk abin da Dodo ya haɗiye, za a zo a ce ƙurunƙus, a tashi a kwanta. Littattafan da muka girma muka karanta su ma haka, mugu ya ga sakayya, a ɗaura aure, a ce tammat bi hamdillah. Wannan kalma ta rufewa ita ce take ba mai sauraro izinin ya ajiye labarin. Enríquez ba ta ba da wannan izini. Ni da farko na ɗauka salo ne na 'yan boko masu jin cewa ƙarasa labari ƙauyanci ne, don na sha karanta irinsu, kuma haushi suke ba ni. Sai da na kai labari na huɗu na sauya ra'ayi.

A na huɗun, yara uku ne suka shiga wani kango a unguwarsu: mai ba da labarin, da yayanta, da wata ƙawarsu Adela mai hannu ɗaya. Daga waje ƙaramin gida ne, a ciki sai ga haske, ga faɗi, ga kantoci jere da farce da haƙoran mutane. Adela ta buɗe wata ƙofa, ta juyo ta ɗaga musu hannun nan nata ɗaya, ta shige, ƙofa ta rufe. 'Yan sanda suka zo suka ce ai gidan ba ɗaki ko ɗaya a cikinsa, fanko ne, balle wata ƙofa. Ba a sake ganin Adela ba. Ina karantawa an ɗauke wuta, da fitilar waya na ƙarasa, kuma ban ji kunyar tashi in duba ɗakin yara ba.

To, a nan ne na tuna wace ƙasa ce wannan. An haifi marubuciyar a 1973. Ranar 24 ga Maris 1976 soja suka ƙwace mulki a Ajantina, ba su sake shi ba sai Disamban 1983. Ke nan tun daga yaye har ta kai shekara goma, a ƙarƙashinsu ta yi wayo. Salon wannan mulki shi ne ɓatar da mutum. A zo da dare a mota marar lamba, galibi koriyar Ford Falcon, a ɗauke ɗalibi ko ɗan ƙungiyar ƙwadago ko malamar makaranta, gari ya waye uwa ta je caji ofis a ce ba a san zancen ba. Babu takardar kamu, babu kotu, babu gawa. Hukumar binciken da aka kafa bayan saukar soja ta tattara sunaye 8,961 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa 30,000 suke cewa. Wuraren da aka tsare mutanen ba a daji suke ba. Rahoton ya ƙirga kusan 340, wasu gareji ne, wasu ofishin 'yan sanda, mafi shahara kuma makarantar kanikawan sojan ruwa ce a bakin babban titi cikin Buenos Aires, mutane na wucewa ta gabanta safe da yamma. Daga can ake yi wa wasu allurar barci, a ɗora su a jirgin sama, a jefa su ruwa. Wato gida ne da waje ka gan shi kamar kowane gida, mutum ya shiga bai fito ba, hukuma kuma ta ce babu wata ƙofa. Kin ga gidan Adela ke nan. Marubuciyar ba ta ambaci soja ko sau ɗaya a iya abin da na riƙe na labarin ba, kuma ba ta buƙata, duk ɗan ƙasar ya gane.

Ranar 30 ga Afrilu 1977 wasu iyaye mata 14 suka taru a dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar gwamnati, suna tambayar abin da kika tambaye ni, ina yaron. Daga baya suka mayar da shi al'ada duk ranar Alhamis, da fararen ɗankwalaye, shekara da shekaru. Da yawansu sun mutu ba a ba su amsa ba. Marubuciyar da ta tashi tana ganin waɗannan mata, in ta rubuta labarin ɓata ta kuma rufe shi da kyau, ta yi musu ƙarya.

Ni ma na san irin wannan zama, a gidanmu. Ƙanin mahaifiyata ya fita fatauci kudu tun ina firamare, bai dawo ba. Wasu suka ce kurciya aka yi masa, wasu suka ce sun gan shi a wata tasha. Kakata ta yi fiye da shekara ashirin bayan haka, kuma kowace Sallah sai ta ware kwanonsa ta rufe da faifai. Ta sha cewa da ma gawarsa aka kawo mata, ta yi kuka ta share hawaye. Ke kin ce gawa ba ta ba ki tsoro. Haka ne, gawa an san inda ta kwana. Kwanon nan mai faifai shi ne ya tsaya miki a rai, kuma ba ni da maganinsa. In za ki ci gaba, ki daina karanta shi bayan isha'i, kuma labari ɗaya a rana ya isa.

TAMBAYA: Malama, bayan gaisuwa. Na girme ki nesa ba kusa ba, shi ya sa zan faɗa miki gaskiya. Jikata ta karanta mini wani abu daga littafin nan, na ji zancen fatalwa da tsafi da kisan yara. Mene ne amfanin wannan ga Musulmi? Duniya ba ta ishe mu da tashin hankali ba sai mun sayo wani da kuɗinmu? Littafi ai don a ƙaru ake karanta shi.

Wani dattijo daga Katsina

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba, na gode da ka faɗa mini kai tsaye. Kashi ɗaya na maganarka na karɓa ba gardama: wannan ba littafin yara ba ne. Akwai shaye-shaye a ciki, akwai zancen da ba a yi gaban surukai, akwai camfe-camfen mutanen can, irin su wani gunkin ƙwarangwal da wasu ke yi wa bauta. Ban san shekarun jikarka ba, amma in ba ta gama sakandare ba, a ajiye mata shi saman sif tukuna. Ni ban sa shi a jerin karatun ɗalibaina ba, kuma ba zan sa ba.

Sai dai ina neman afuwa a kan zancen ƙaruwa. Bari in ba ka labari na biyu a taƙaice. Wani mutum yana aikin zagayawa da baƙi a wani masauki a ƙaramin garin Sanagasta, lardin La Rioja. Wata rana ya gaya wa baƙin cewa ginin nan makarantar 'yan sanda ce a zamanin soja. Mai masaukin ta kore shi, don irin wannan magana tana kashe kasuwa. 'Yarsa ta ja ƙawarta suka shiga da dare don ramuwa, kuma ramuwar ta yarinta ce: su farke katifu su cusa nama a ciki ya ruɓe, wari ya kori baƙi. Na yi dariya a nan. Suna cikin haka sai ƙarar mota, sai hasken fitila ta taga, sai takun takalman maza da yawa suna gudu, suna dukan tagogi, suna ihu. Yaran suka ƙwala ƙara, aka zo aka duba, ba kowa, ko sawun taya babu. To Baba, wace ce fatalwar a nan? Abin da aka kori uban don ya faɗa da rana, shi ne ya zo da kansa da dare. Na daɗe ban ga an kwatanta sharrin rufe gaskiya da 'yan shafuka kaɗan haka ba.

Na goma ya fi wannan nauyi. Wata lauyar gwamnati ce ke bin shari'ar 'yan sandan da suka jefa samari biyu cikin kogin Riachuelo, kogin da masana'antu da majemu suka shekara fiye da ɗari suna zuba wa dagwalo har ruwan ya koma baƙi. Wannan ba ƙirƙira ba ce gaba ɗaya. A watan Satumban 2002 'yan sandan tarayya sun tilasta wa wasu samari faɗawa wannan kogi, ɗaya mai shekara 19 ya nutse, kotu ta ɗaure jami'an, kuma yau wata gada a kan kogin sunansa take amsawa. A labarin, abin da ke kwance ƙarƙashin ruwan ya farka, mutanen unguwar marasa galihu da ke gaɓar suka fara yi masa biki. Gaskiyata, a nan marubuciyar ta ɗan sake ni. Dodon ruwan aro ne daga wani tsohon marubucin ban tsoro na Amurka, Lovecraft, kuma an ga alamar aron. Wurin da gabana ya faɗi shi ne inda ɗan sandan ke zaune a ofishinta hankali kwance, ko a jikinsa. Bayan shi, dodo wasan yara ne.

Kuma Baba, ai malamanmu ba su kauce wa irin wannan duhu ba. Ka fi ni sanin babin mafƙudi a fiƙihun Malikiyya: matar da mijinta ya ɓata ba labari, ta kai ƙara gaban hukuma, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Sun zauna sun yi wa wannan hali tunani ne don sun san yana faruwa, kuma sun san mace ba za ta iya rayuwa a rataye ba. Malamin fiƙihu ya yanka mata wa'adi. Marubucin labari kuma aikinsa ya shigar da ni ɗakinta a cikin shekarun nan huɗu, in ji yadda take zabura duk sanda aka yi sallama. Ni dai na ƙaru da wannan. In kai ba ka ga haka ba, ba zan ja da kai ba, ba kowane tuwo ne na kowane ciki ba.

TAMBAYA: Anti, ni ma ina ɗan taɓa rubutu, na taɓa aika labari gasar Hikayata ban kai ko'ina ba. Wanne ya fi burge ki a littafin, wanne ne bai yi miki ba? Kuma za a iya irin wannan da Hausa?

Wata matashiya daga Maraɗi

AMSA: Ƙanwata, wanda bai yi mini ba shi ne na biyar. Wani ɗan jagoran 'yan yawon buɗe ido ne yake zagayawa da su wuraren da aka yi kashe-kashe a birnin, sai ya fara ganin fatalwar wani yaro mai manyan kunnuwa, Cayetano Santos Godino. Mutum ne na gaske, an kama shi a 1912 yana da shekara 16 bisa kisan ƙananan yara, ya mutu a kurkukun Ushuaia a 1944. Tarihin ne ya ɗauki nauyin labarin, marubuciyar ta ɗan rataya nata a jiki. Wannan shi ne irin wanda Baba na Katsina yake da gaskiya a kansa. Na uku kuma, na 'yan mata uku da suka lalace tsakanin 1989 da 1994, ya ɗan ba ni dariya ba da niyyarta ba, don ta buɗe shi da ɗauke wutar da gwamnatinsu ke yi bi da bi, awa shida-shida, a matsayin alamar ƙasa ta rushe. Na ce baiwar Allah, awa shida kacal?

Wanda ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe, mai sunan littafin. Ya fara da wata mata mai bara a jirgin ƙarƙashin ƙasa, mijinta ya zuba mata giya mai kama wuta ya ƙyasta, fuskarta ta narke. Sai wata, sai wata, maza suna ƙona mata kamar yayi. Sai matan suka yanke shawarar da ta fi ƙarfin hankali: su riƙa haɗa wuta a daji suna shiga da kansu, da asibitocin ɓoye da ke jiran su jinyace su, su fito da tabonsu su yi yawo a gari kowa ya gani. Babu aljani ko ɗaya a wannan labari. Littafin ya fito ne a shekarar da ta biyo bayan 3 ga Yunin 2015, ranar da dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Ajantina kan kisan mata, da taken Ni Una Menos, ma'ana kada a sake rasa ko ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta tafa wa matan ba. Ta bi da mu ta idon wata budurwa, Silvina, wadda uwarta ke cikin tafiyar, ita ma tana taimakawa, har ta ɗauki bidiyon ƙonawa ɗaya, amma zuciyarta na tashi. A shafin ƙarshe tana zaune tana jin uwarta da ƙawar uwar suna zancen yaushe abin zai tsaya, har suka gangaro kan ita kanta. Ke mai aikin rubutu, ki karanta wannan shafi sau biyu ki ga yadda aka sa hirar tsofaffi biyu ta fi ihu ban tsoro.

Za a iya da Hausa mana. BBC ta fara Hikayata a 2016, shekarar da littafin nan ya fito, kuma labaran da na saurara a gasar ba su rasa duhu ba, akwai gudun hijira, akwai fyaɗe, akwai gidan aure da ya zama kurkuku. Inda muke tuntuɓe shi ne sakin layi na ƙarshe. Sai marubuciya ta gina abu mai kyau, ta kai mu bakin rijiya, sannan ta juyo ta hau mumbari ta ce jan hankali ga iyaye. Na san dalili, tsoro ake kada a ce labarinki ba darasi. Gwada wannan: ɗauko labarin da kika aika, ki rufe sakin layin ƙarshe da tafin hannu, ki karanta wa wata ƙawarki da ba ta jin kunyarki. In ta ce "sai me ya faru?" tana hararar ki, to ki bar shi a rufe. In kuwa ta ce ba ta gane ba, matsalar tana can baya, ki koma shafin farko. Kada kuma ki je aron fatalwar Ajantina. Kina da rijiyar da aka daina ɗiba a unguwarku ba wanda ya faɗi dalili, kina da ɗakin da aka kulle tun rasuwar amarya.

Ki turo mini labarin in kin gyara, ta adireshin mujalla. Saura biyar gare ni a littafin, na shida na ɗauko jiya na ga ya fara da wata mata da ta gaji da mijinta za su yi tafiya, sai na ajiye, don maigidan yana zaune kusa da ni yana jin labarai a rediyo.